Buɗi ne ko ciwo? Amsa ga mai tambaya kan ƙaninsa

Tambayar da aka aiko min a taƙaice ita ce, wani bawan Allah yace ƙaninsa ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya daɗe yana yawan ibadar dare, sai ranar nan ya faɗa masa cewa yana zaune kawai yaji kamar shi kansa ya narke, babu shi babu ɗakin, komai ya zama abu ɗaya, ga wani irin haske da natsuwa, yayi ta kuka bai san dalili ba. Yanzu gida ya rabu biyu, wasu na cewa buɗi ne aka yi masa wasu na cewa a kai shi asibiti, shi kuma mai tambayar ya karanta a intanet wai Freud, shahararren likitan nan ɗan Ostiriya mai nazarin zuciyar ɗan adam, yace duk irin wannan komawa jarirta ne kawai. Yana so ya san me mu masu aikin saikoloji a asibiti muke cewa.

To ɗan uwa, sannu da ƙoƙari, kuma ka kyauta da ka tsaya tambaya kafin ka yanke hukunci. Gaskiyar magana daga abinda ka rubuto babu wani ma'aikaci mai tsoron Allah da zai ce maka ciwo ne ko ba ciwo bane, saboda abinda mutum ya gani ko yaji a cikin halin ba shi muke aunawa ba, abinda muke kallo shine yadda halin ya bar mutumin bayan ya wuce, yana bacci? yana cin abinci? yana zuwa aikinsa ko karatunsa? maganarsa tana da kai da gindi? Ita kuma ɗaya tambayar, wato shin daga Allah ne abin ko a'a, wannan ba hurumin mu bane sam, babu wani gwaji ko na'ura a asibiti da ke amsa ta, duk likitan da yace maka ya gano amsar to ra'ayinsa ya faɗa maka ba iliminsa ba.

Abinda ƙaninka ya siffanta ba baƙon abu bane a wajen masana. William James, ɗan Amurka, ɗaya daga cikin iyayen saikoloji, ya gabatar da laccoci a Edinbura a 1901 da 1902 kan wannan batu, ya tattara labaran mutane kala-kala yace irin wannan hali yana da alamomi huɗu da suke ta maimaituwa. Mutum ya kasa faɗinsa da baki, duk yadda yayi bayani sai yace ai ba haka bane dai. Yana jin cewa wani sani ya samu, ba daɗi kawai yaji ba. Baya daɗewa, rabin awa, in yayi yawa awa ɗaya ko biyu. Sannan mutum yana jin zuwa masa abin yayi, ba shi ya ƙirƙiro shi ba ko da kuwa ibadarsa ce ta share hanya. Ka duba saƙonka ka gani, kusan duka huɗun suna ciki. Kuma James bai tsaya kan Kiristoci ba, ya ɗauko dogon nassi daga tarihin rayuwar Imam Gazali ya saka cikin laccarsa. Shi ne kuma ya yiwa likitocin zamaninsa ba'a, masu cewa Bulus, manzon Kiristoci, farfaɗiya ce ta kada shi a hanyar Dimashƙa, Teresa ta Abila, wata waliyyiyar Katolika, kuma ciwon mata ne ke damunta, yace to ai kowane tunani a duniya daga ƙwaƙwalwa da jiki yake fitowa, har tunanin shi likitan da baya yarda da komai, saboda haka sanin inda abu ya fito a jiki baya gaya maka darajarsa, a duba 'ya'yan da ya haifar. Amma fa shi James ɗin dai bai rufe ido ba, yace a cikin masu taɓin hankali ma akwai irin wannan hali amma a kife, muryoyi da saƙonni da jin an zaɓe ka, sai dai maimakon natsuwa tsoro ne da ƙunci.

Yanzu Freud, tunda shi ka tambaya. Abinda ya faru shine a 1927 ya fitar da ɗan littafinsa da yake cewa addini buri ne na ɗan adam mai rauni da ke neman uba mai kare shi, ya aikawa abokinsa Romain Rolland, marubucin Faransa da ya ci kyautar Nobel, wanda a lokacin ya duƙufa kan rayuwar Ramakrishna da Vivekananda, malaman addinin Hindu na Indiya. Rolland ya mayar masa da wasiƙa a watan Disamba na shekarar yace malam ka bar asalin abin, tushen addini wani ji ne na rashin iyaka, kamar teku, kuma ni kaina ina jinsa kullum bai hana ni tunani ba. Freud ya buɗe littafinsa na 1930 da amsar wannan wasiƙa, kuma abu na farko da ya amsa da bakinsa shine shi bai taɓa samun wannan ji a cikin kansa ba. Daga nan sai yayi bayani cewa jariri a farko baya bambance kansa da duniya, nonon uwa da jikinsa duk ɗaya ne a wajensa, a hankali yake koyon cewa akwai ni akwai waje, to wancan tsohon ji bai mutu ba yana nan kwance a ƙasa, a wasu mutanen yana tasowa. Ka lura da kyau, bai ce ciwo bane, cewa yayi saura ne daga farkon rayuwa, mabiyansa ne daga baya suka ja maganar har ta zama duk wanda yace yaji haka to ya gudu daga duniya ne ya koma cikin uwa. Har a 1976 wata ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka ta fitar da rahoto kan sufanci wanda ya karkata wajen ganinsa a matsayin ja da baya da gudun wahalar rayuwa.

Ni a ganina bayanin Freud yana da wayo amma yana da rami babba. Na farko babu wanda ya san me jariri ke ji, hasashe ne, kuma binciken da aka yi kan jarirai daga baya, irin na Daniel Stern a shekarun 1980, ya nuna tun makonnin farko jariri yana da wani ɗan bambancewa tsakanin jikinsa da na wani. Na biyu, abu biyu suyi kama ba yana nufin ɗaya bane, wanda bai taɓa gina kansa ba da wanda ya gina kansa sannan ya sake shi na ɗan lokaci duk zasu ce maka babu ni, amma ai ba wuri ɗaya suke tsaye ba. Jack Engler, wani masanin saikoloji da ya daɗe cikin zuzzurfan tunani irin na mabiya Buddha, ya taƙaita shi da cewa sai ka zama wani tukuna kafin ka iya zama ba kowa ba. A wajen aiki wannan magana tana da amfani sosai, don mutumin da ginin kansa dama a tsattsage yake, in iyaka ta narke masa tarwatsewa yake, wanda kuma gininsa ke da ƙwari ya kan je ya dawo.

Kuma kar ka ɗauka duk 'yan saikoanalisis, wato hanyar magani da nazarin zuciya da Freud ya kafa, bakinsu ɗaya da shi. Carl Jung, likita ɗan Suwizalan, ya fara aiki a 1900 a babban asibitin masu taɓin hankali na Zurik ƙarƙashin Bleuler, mutumin da ya raɗawa sikizofireniya, wani nau'in taɓin hankali mai tsanani, suna, kaga ya ga ciwon da idonsa fiye da Freud. Bayan sun rabu da Freud a 1913 shi kansa Jung ya shiga wani hali, yana cikin jirgin ƙasa ya ga ambaliya ta shanye Turai da gawarwaki, har yaji tsoron ko hankalinsa ne ke tafiya, sai ga yaƙin duniya ya ɓarke a 1914. Ya shafe shekaru yana rubuta abubuwan da yake gani yana zana su, kuma da bakinsa yace iyalinsa da marasa lafiyan da yake dubawa kullum su suka riƙe shi a ƙasa. Shi yana ganin irin wannan haɗuwa tana iya zama magani, amma ya gargaɗi mutane kan kumbura, wato mutum ya taɓa wani abu da ya fi shi girma sai ya ɗauka shi ne abin. Wannan kumburar ita nafi sa wa ido a ɗakin duba marasa lafiya.

Wanda nafi jin daɗin bayaninsa dai Winnicott ne, likitan yara ɗan Ingila. Ya lura da ɗan tsumma ko bargon da yaro ke maƙalewa baya bacci sai da shi, yace wannan abu ba na ciki bane zalla ba kuma na waje bane zalla, yana wani fili ne a tsakani, kuma iyaye masu hankali basa tsare yaro da tambayar kai ka ƙirƙiro shi ko samunsa kayi. Yace wannan fili baya rufewa in mun girma, nan wasa yake, nan fasaha take, nan addini yake. Sai ya ƙara wata magana da nake ganin tafi komai amfani ga tambayarka, yace inda muke fara zargin hauka shine lokacin da babba ya tilasta mana mu karɓi abinda ke cikinsa a matsayin abinda kowa dole ya gani. Ƙaninka in yace naji kaza kuma ban san yadda zan faɗa ba, daban ne da yace an aiko ni kuma duk wanda bai bi ni ba a gidan nan maƙiyi ne. Bion ma, wani ɗan saikoanalisis na Ingila wanda aka haifa a Indiya, a ƙarshen rayuwarsa har aron harshen sufayen Kirista yayi, yana cewa mai sauraron mara lafiya ya ajiye abinda ya tuna da abinda yake buri ya zauna cikin rashin sani, wasu abokan aikinsa har suka ce ya fara sakin layi.

A ɓangaren asibiti kuwa sauyin a hukumance ya zo a 1994, lokacin da kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM bugu na huɗu, ya saka wani gurbi na matsalar addini ko ruhi, bisa shawarar David Lukoff da Francis Lu da Robert Turner, kuma an ajiye shi ne cikin abubuwan da kan kawo mutum wajen likita amma ba cuta bane. Shi Lukoff ɗin a ƙuruciyarsa ya taɓa shafe wata biyu yana ganin shi Buddha ne kuma Almasihu, ya warke ba tare da an kwantar da shi ba, shi yasa abin ya dame shi. Sannan akwai binciken Emmanuelle Peters a Landan a 1999, ta gwada mabiya wasu sababbin ƙungiyoyin addini da marasa lafiya da ke kwance, ta tarar wajen yawan baƙin tunane-tunane da ƙarfin yarda da su kusan basu bambanta ba, inda suka rabu shine yawan damuwa da yadda tunanin ya cinye mutum. Kaga an dawo kan maganar farko kenan.

Bari in nuna maka yadda abin yake a zaune. Ɗauki matasa biyu, duk sun ce sun ga haske sun ji sun haɗe da komai. Na farkon in na tambaye shi sai yayi shiru, ya ɗan ji kunya, yace wallahi ban san yadda zan faɗa ba kar ki ɗauka na haukace, ya tuna ranar da lokacin, yace bai fi minti ashirin ba, washegari ya tafi aiki, tun daga nan dai yaji ya rage faɗa da mutane. In nace masa kana ganin rashin bacci ya taimaka, zai ce zai yiwu, ko yayi dariya yace ke dai likita, amma ya saurara. Na biyun kuwa tun kafin in zauna ya fara, magana ba birki, daga haske ya tsallaka lambar motar da ya gani a hanya wai saƙo ce gare shi, daga nan mai karanta labarai a talabijin da shi yake, kwana biyar bai runtsa ba kuma yace baya jin gajiya, ya rabar da kuɗinsa da wayarsa, in ka katse shi ya fusata, uwarsa na gefe tana share hawaye tana cewa wannan ba ɗana bane. Kalmominsu na farko iri ɗaya ne amma na biyun yau ɗin nan yake buƙatar likita, don wannan hoton maniya ne, ɓangaren tashi na ciwon baifola mai sa yanayin mutum ya riƙa tashi da faɗuwa, kuma yana jin magani sosai in an kama da wuri.

Akwai wasu abubuwan da dole in cire kafin in ce lafiya lau. Farfaɗiyar gefen ƙwaƙwalwa tana zuwa ba tare da mutum ya faɗi yana shure-shure ba, sakan kaɗan zuwa minti ɗaya ko biyu, sau da yawa da wani wari da babu shi, ko wani abu na tasowa daga ciki zuwa ƙirji, ko jin kamar an taɓa yin wannan lokacin, mutum ya ƙura ido yana tanɗe baki, kuma kullum iri ɗaya take maimaituwa, a wasu ƙalilan tana zuwa da wani irin daɗi mara misali, Dostoevsky marubucin Rasha yana da irinta. Ita wannan farfaɗiya gwajin igiyar ƙwaƙwalwa ake yi mata. Sai ƙwayoyi, wiwi musamman mai ƙarfi da masu hana bacci, har wasu magungunan asibiti irin su sitiroid, da zazzaɓi mai zafi da matsalar maƙoƙo. Sai kuma wani hali da ke yawan samun waɗanda suka sha wuya ko tsananin fargaba, mutum yaji kamar ba shi bane, kamar yana kallon kansa daga nesa, duniya kamar fim, shi wannan ba cika yake zuwa da ita ba, fanko ne da tsoro, mutane suna rikita shi da fana'i, wato narkewar kai da sufaye ke faɗa, alhali ɗanɗanonsu ba ɗaya ba. Shekarun ƙaninka kuma sune shekarun da sikizofireniya ta fi fara bayyana a maza, shi yasa zan tambaya ko kafin wannan dare an ga yana janyewa daga mutane wata da watanni, ya bar wanka, karatu ya lalace, yana zargin ana bibiyarsa, da kuma ko akwai mai irin ciwon a dangi.

Wani abin da mutane basa so suji, daga masu cewa buɗi har masu cewa asibiti, shine biyun suna iya haɗuwa a mutum ɗaya. Mutum na iya samun hali mai ma'ana a rayuwarsa kuma yana da ciwon da ke buƙatar magani, shan magani baya ƙaryata abinda yaji, abinda yaji kuma baya hana shi buƙatar magani. Kuskuren da ma'aikata ke yawan yi shine da zarar an sa sunan ciwo sai a daina sauraron labarin, mutum ya warke amma ya fita da jin an wulaƙanta abu mafi girma da ya taɓa samu, sai ya watsar da maganin ya daina zuwa, wata shida a dawo da shi.

Su kansu ma'abota wannan hanya ai basu taɓa cewa duk abinda ya zo maka karɓa ba. Junaidu na Bagadaza ya fifita farkawa bayan maye, wato a dawo cikin mutane da hankali da kiyaye iyakoki, kuma malaman sun raba tsakanin hali mai zuwa ya wuce da matsayin da mutum ya tabbata a kai, sun kuma yi ta gargaɗi kan ruɗu. Teresa ta Abila a ƙarni na 16 ta bada labarin wata mai ibada da ke shafe awa takwas a sandare ana cewa ta tafi, aka sa ta ci abinci tayi bacci ta rage takurawa kanta, abin ya tafi. Malaman Zen, wani reshe na addinin Buddha, suna gayawa ɗalibi in ya ga haske ko siffofi ya ƙyale su ya cigaba da zama. Shi kansa Gazali a 1095 yana kan ganiyarsa a makarantar Nizamiyya harshensa ya ɗaure ya kasa koyarwa, abinci ya ƙi zama, likitoci suka ce abin daga zuciya yake, wani likitan yau zai iya rubuta ciwon damuwa kuma ba lallai yayi ƙarya ba, amma in ya tsaya nan ya bar fiye da rabin labarin, mutumin ya bar Bagadaza ya shafe shekaru sannan ya fito da aikin da har yau ake karantawa.

Maganar hoton ƙwaƙwalwa kuma da ake yawan turo min, eh Andrew Newberg ya ɗauki hoton masu zuzzurfan tunani irin na mabiya Buddha na Tibet da mata masu ibada na Katolika ya ga aiki ya ragu a ɓangaren da ke lissafa inda jiki ya ƙare waje ya fara, kuma a jami'ar Johns Hopkins a 2006 an bawa mutum 36 sinadarin silosaibin mai sa gane-gane, kusan kashi biyu cikin uku suka sa abinda suka ji cikin abubuwa biyar mafi ma'ana a rayuwarsu, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma sun shiga tsoro mai tsanani a ciki duk da an tace su an cire masu tarihin taɓin hankali. Wannan duk yana nuna ta ina abin ke bi ne a jiki, mai imani zai ce ga ƙofar, mara imani zai ce ga injin, hoton bai raba musu gardama ba.

To me zakayi yanzu. Ka zauna da shi kai kaɗai ba taron gida ba, kar ka fara da fassara, kace bani labari, ka bar shi ya gama. Ka tambaye shi awa nawa yake bacci a satin nan, wannan tambaya tafi sauran duka, in ibadar dare ta cinye baccin to a rage a dawo da shi daidai, rashin bacci kaɗai yana iya tura mai lafiya cikin ruɗani balle mai ɗauke da baifola a ɓoye. Ku daina zuga shi da cewa ya zama wani, ku kuma daina kiransa mahaukaci a bayan ido, duka biyun suna ture shi daga gare ku. In yana da malami mai ilimi da natsuwa wanda baya gaba da asibiti, ya je masa. In kwana biyu ko uku suka wuce baya bacci kuma baya jin gajiya, ko yana jin murya tana bashi umarni, ko ya fara zargin ana son cutar da shi, ko ya daina ci da sha, ko yana maganar mutuwa ko barin duniya ta hanyar da ta tada maka hankali, kar ku jira sati, ku kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa a ranar kuma kar a bar shi shi kaɗai. In kuwa abin yana dawowa gajere-gajere iri ɗaya yana ƙura ido baya amsawa, likitan jijiya za'a nema a duba farfaɗiya. In babu ko ɗaya cikin waɗannan, yana bacci yana aikinsa yana wasa da dariya da ku, to ku sa ido na wata biyu zuwa uku, kuma ko a hakan babu laifi ya ga masanin saikoloji sau ɗaya, ku dai tambaya tun farko ko mutum ne da zai iya sauraron maganar addini ba tare da ya yatsina fuska ba, in ba haka bane ku nemi wani.